Zobe da Kanwa: Tarihin Awon Taba daga Kyuba zuwa Gulbin Maraɗi

Gabatarwa

A kasuwannin ƙasar Hausa kowace haja da ma'auninta. Hatsi a tiya ko a mudu ake auna shi, saƙi a kamu, igiyar rijiya kuwa a gaba. Taba ce dai ba ta taɓa miƙa wuya ga ma'auni ɗaya ba. Mai sayen ganyen taba a kasuwar Tibiri ko Gazawa ko Sae Sabuwa yakan ɗaga ganyen ya dubi launinsa, ya murza shi a tafin hannu, ya sansana, wani lokaci har ya ɗanɗana, kafin a shiga ciniki. Hanci da harshe su ne alƙalansa.

A can tsibirin Kyuba kuwa, inda Turawa suka fara ganin ana shan taba, ana amfani da wani ma'auni na lissafi da ake kira awon zobe. Da shi ake faɗin kaurin tabar naɗi, wato wadda Faransawa ke kira sigar, wadda ganyen taba ne zalla aka naɗe cikin ganyen taba, babu takarda kamar ta sigari. Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan lambar zobe ta ƙaru, daraja ma ta ƙaru. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan zato cikin tarihi, ta duba abin da kauri ke iya sauyawa a ɗanɗano da abin da ba ya iyawa, sannan ta gwada shi da yadda Hausawa suka daɗe suna tantance tabarsu.

Yadda taba ta iso ƙasar Hausa

Asalin taba daga nahiyar Amurka ne. A shekarar 1492 mutanen Kolombus biyu, Rodrigo de Jerez da Luis de Torres, suka ga mazauna Kyuba na asali, ƴan ƙabilar Taino, suna kunna naɗaɗɗen ganye suna zuƙar hayaƙinsa. Cikin ƙarni guda ganyen ya zagaya duniya. Wajejen 1560 jakadan Faransa a Lisbon, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsa a matsayin magani, kuma daga sunansa ne aka samo sunan sinadarin nikotin.

Kafin ƙarni na 16 ya ƙare taba ta riga ta kai Tambutu, daga nan kuma ta haura zuwa Maroko. Malamai suka rabu a kanta. Ahmad Baba na Tambutu, wanda ya rayu tsakanin 1556 da 1627, ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta ta, wasu malaman Maroko da Masar suka haramta. Muhawarar ba ta mutu ba, domin a ƙarni na 19 daular Masina ta Seku Amadu ta hana shan taba a ƙasarta da ƙarfin hukuma. Duk da haka ganyen ya samu gindin zama a fadamu da bakin gulabe, kalmar kanta ta zauna a harshen Hausa har ta shiga karin magana, inda ake cewa taba ta bambanta da garin gero.

Matafiya Turawa na ƙarni na 19 sun tarar da ita a ko'ina. Clapperton, wanda ya zo Kano da Sakkwato a 1824, ya lura da yadda ake rina haƙora da leɓɓa da furen taba. Heinrich Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Da ya sake komowa Katsina a 1853 yana shirin tafiya yamma, sai ya sa tabar Katsina cikin guzurin kyautarsa, saboda sunan da ta yi har a Tambutu. Abin lura a nan shi ne, da sunan ƙasar da ta fito aka san wannan taba, ba da girman ƙunshinta ba.

Katsinawan da suka bar birninsu bayan jihadi ya ci shi a 1807, suka kafa Maraɗi, da Gobirawan da suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, duk a bakin gulbi ɗaya suka zauna. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya da Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Nijeriya. Idan ruwansa ya janye bayan damina yakan bar laka mai danshi, kuma a wannan laka ce noman taba ya bunƙasa. Garuruwan tudu kamar Sae Sabuwa, a gundumar Gidan Rumji, da ƙasashen Agye da Gazawa, ƙasar gero ce da dawa da wake da gyaɗa. Rabonsu a harkar taba ya fi yawa ta fuskar kasuwa, inda kayan fadama ke haɗuwa da kayan tudu.

Mene ne awon zobe?

Awon zobe lissafi ne mai sauƙi. Ana raba inci ɗaya, wato kusan milimita 25 da rabi, zuwa kashi 64. Lambar zobe ita ce yawan waɗannan kasusuwa da faɗin bakin tabar ya cinye. Tabar da aka ce zobenta 64 ne, faɗinta inci ɗaya ke nan cif. Mai zobe 32 kuwa rabin inci ce.

Wannan ma'auni ɗan masana'anta ne. Daga 1717 zuwa 1817 sarautar Sifen ta riƙe cinikin tabar Kyuba ita kaɗai, ana kwashe yawancin ganyen zuwa Sabiliya a sarrafa shi can. Manoman Kyuba sun yi bore har sau uku, a 1717 da 1720 da 1723, saboda farashin da aka ƙaƙaba musu. Da aka soke wannan babakere a 1817, sai masana'antu suka yi ta buɗewa a Habana: H. Upmann a 1844, Partagás a 1845, Romeo y Julieta a 1875. Mai sayar da dubban akwatuna ga ɗan kasuwar Landan dole ne kowane kara ya yi daidai da ɗan'uwansa. Don haka aka shigo da mazubin katako da ake matse naɗin a ciki, da wani allo mai huda da ake zura karan don a tabbatar da kaurinsa da tsawonsa. Ashe tun farko an yi awon zobe ne domin daidaito da sauƙin ciniki, ba domin a auna daɗi ba.

A hankali kowane awo ya samu suna. Corona tana da zobe 42 da tsawon milimita 142. Robusto gajeriya ce kakkaura, zobe 50 da tsawon milimita 124. Wadda aka laƙaba wa sunan Churchill, tsohon firaministan Ingila, zobenta 47, tsawonta milimita 178. Lancero kuwa siririya ce doguwa, zobe 38 da tsawon milimita 192, kuma da irinta aka fara tambarin Cohiba a 1966, tun yana na Fidel Castro da manyan baƙinsa kaɗai, kafin a fitar da shi kasuwa a 1982. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya dakata: tabar da ta fi kowace daraja a Kyuba a wancan zamani siririya ce.

Abin da kauri ke sauyawa

Tabar naɗi hawa uku ce. Akwai ciki, wanda mutanen Kyuba ke kira tripa, sai ganyen ɗauri da ke riƙe cikin, wato capote, sannan riga ta waje, wato capa, wadda ganye ne guda mai laushi da sheƙi. Shi kansa cikin haɗi ne na ganyaye daga sassa dabam-dabam na tsiron. Ganyen ƙasa, volado, ba shi da ƙarfi amma yana ci da wuta sosai. Na tsakiya, seco, shi ke da ƙamshi. Na sama, ligero, wanda ya fi shan rana, shi ne mai kauri da ƙarfi, kuma a hankali yake ƙonewa, shi ya sa ake sa shi a tsakiyar naɗin.

A nan ne lissafin da ake koyarwa a aji ke da amfani. Rigar waje tana bin kewayen da'ira, ciki kuwa yana bin filin da'irar. Idan aka ninka faɗi, kewaye sau biyu yake ƙaruwa, fili kuwa sau huɗu. Alal misali, a ɗauki mai zobe 38, wadda faɗinta kusan milimita 15 ne, a gwada ta da mai zobe 60, wadda faɗinta kusan milimita 24 ne. Rigar ta biyu ta fi ta farko da kimanin rabi da ɗoriya, amma cikinta ya kai ninki biyu da rabi. Sakamakon haka, a siririyar taba ɗanɗanon riga ya fi fitowa fili, a kakkaura kuwa haɗin ciki ne ke rinjaye.

Abu na biyu shi ne zafi. Siririyar taba, idan aka yi ta zuƙarta ba hutawa, takan yi zafi da wuri, hayaƙinta ya yi ɗaci. Kakkaura takan ci wuta sannu a hankali, ta ba da hayaƙi mai yawa wanda bai kai na waccan zafi ba. Abu na uku shi ne sarari. Mai haɗa ganye yana da damar zuba nau'i uku ko huɗu a cikin kakkaura, alhali siririya ba ta ɗaukar ganyen sama mai yawa, domin zai hana ta ci da wuta. Da kamfanin Kyuba ya fitar da Cohiba Behike a 2010, mai zobe 52 da 54 da 56, hujjarsa ita ce a sami wurin da za a sa wani ganye na huɗu, medio tiempo, wanda ke fitowa a ƙololuwar wasu tsirrai kaɗan.

To, duk waɗannan bambance-bambance ne na yanayi, ba na daraja ba. Kauri bai nuna ƙarfi: ana iya cika mai zobe 60 da ganyen ƙasa marar kuzari, a kuma yi siririya mai bugarwa. Inganci yana zuwa ne daga ƙasar da aka noma ganyen, kamar yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río, da shanyar da ake yi masa a inuwa na wajen kwana 45 zuwa 50, da rufe shi tuli-tuli har ya ɗumama ya fitar da warinsa, da ajiyar da takan kai shekara biyu ko fiye ga ganyen sama, sannan da hannun mai naɗi. Hasali ma masu sana'ar sun yarda cewa siririya ta fi wuyar naɗi, domin kuskure kaɗan ya isa ya toshe ta. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Kyuba ta yi gaggawar ƙara yawan abin da take fitarwa, koken masu saye bai shafi kauri ba. Kukansu shi ne karan ba ya zuƙuwa, kuma hakan ya sa a farkon shekarun 2000 aka girka na'urorin gwada shigar iska a masana'antu.

Yayi da kasuwa

Me ya sa kauri ya zama alamar daraja a idon jama'a? Amsar tana cikin tarihin ciniki. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta sa wa Kyuba a 1962, gidajen taba da dama sun ƙaura zuwa Jamhuriyar Dominika da Honduras da Nikaraguwa, suna sarrafa wa Amurkawa. A 1992 aka kafa mujallar Cigar Aficionado a birnin New York, shan tabar naɗi ya zama ado ga masu hannu da shuni, Robusto ta ture Corona daga kan gaba. Bayan shekarar 2000 sai ga masu zobe 60, har da 70. Mai saye yana ganin ya samu taba mai yawa da kuɗinsa, mai sarrafawa kuma ya san riga ce ganye mafi tsada, kuma rabonta a kakkaura ƙarami ne. Ganyen bai sauya ba, yayi ne ya sauya.

Afirka ma tana da hannu a wannan riga. Ɗaya daga cikin ganyayen riga mafiya suna a duniya a gabashin Kamaru ake noma shi, wajejen Baturi, da kuma yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, daga irin da aka kawo daga Sumatra. Kamfanin tabar gwamnatin Faransa, SEITA, shi ya daɗe yana riƙe da cinikinsa har zuwa farkon shekarun 1990. Ƙananan manoma ne ke noma shi, amma sunan da ke kan akwati da kuɗin da ke bayansa na wasu ne.

Tabar da aka raina a Lisbon

Babu misalin da ya fi nuna cewa darajar taba hukuncin mutane ce kamar tarihin tabar Bahiya ta ƙasar Barazil. Turawan Fotugal sun kasa ganyen wannan yanki gida uku. Na ɗaya da na biyu a kai Lisbon, na ukun kuwa doka ta hana a shigar da shi ƙasarsu. Don kada ya lalace, sai a murɗa shi kamar igiya, a shafe shi da ruwan rake mai kauri, a naɗe. Wannan rainannen kaya shi ne ya zama abin so a gaɓar tekun Benin, a Wida da Porto Novo da Badagiri da Legas, har fataken bayi na wurin suka fifita shi a kan sauran hajoji. Turawan Holan da ke riƙe da ganuwar Elmina sukan karɓi kashi 10 cikin 100 na tabar kowane jirgi kafin su bar shi ya wuce. Masanin Faransa Pierre Verger ya bayyana wannan ciniki dalla-dalla a littafinsa na 1968.

Abin da aka saya da wannan taba mutane ne. Bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, Hausawa da yawa da aka kama sun bi wannan hanya zuwa Bahiya, kuma su ne suka jagoranci yunƙurin boren bayi na 1807 da na 1809 da na 1814. Wasunsu sun kasance cikin babban boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador. Ganyen da aka kira na uku a wani gefen teku, a ɗaya gefen shi aka auna ran ɗan Adam da shi.

Ma'aunin Bahaushe

Bahaushe bai naɗa tabarsa irin ta Kyuba ba. Hanyoyinsa uku ne: ya zuba ta a lofe ya kunna, ko ya niƙa ta ya shaƙa, ko ya haɗa ta da kanwa ya dunƙula a baki. Dukawa suka yi mata batta ta fata, maƙera da maginan tukwane suka yi mata lofe. Abzinawa, waɗanda manyan masu saye ne, sukan tauna ta da toka ko kanwa. Ita kanwar daga ƙasar Manga da gaɓar tafkin Chadi fatake ke kawo ta. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 ta kuma wallafa littafinta a 1972, ta nuna yadda manoman garin suka daɗe suna ɗora tabarsu a kan jakuna zuwa arewa, cikin ƙasar da ta zama Nijar, su komo da kanwa da dabbobi.

Kimiyyar zamani ta bayyana sirrin wannan haɗi. Kanwa tana rage tsamin taba, ta saki nikotin ya shige ta fatar baki da sauri. Abin mamaki, haka ma tabar naɗi take aiki: shanyar inuwa da ɗumamar da ake yi wa ganyenta kan sa hayaƙinta ya rasa tsami, don haka mai shan ta ba ya bukatar kai hayaƙin huhu kafin nikotin ya shige shi. Abin da ɗan Kyuba ya cim ma ta hanyar sarrafa ganye, Bahaushe ya cim masa da gutsuren kanwa. Dukansu kuma sun san ganyen sama ya fi na ƙasa ƙarfi, kuma wanda aka shanya da haƙuri ya fi wanda aka gaggauta.

Sigari ne ya rusa wannan ilimi. Kamfanin taba na Ingila ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937, reshensa na Nijeriya ya buɗe wata a Zariya a 1959, aka shiga ba manoma iri da taki ana saye bisa matakan da kamfani ya tsara. A Maraɗi kuwa, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 kan Alhazan birnin, fiton sigarin ƙasashen waje zuwa Nijeriya ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin tara dukiya a shekarun 1970 da 1980. Daga nan mai saye ya daina tambayar ƙasar da ganye ya fito, ya koma duban tambarin kwali. Ma'auni ya bar hannun manomi da mai saye, ya koma hannun mai talla.

Abin da zobe ba ya aunawa

Akwai lissafi ɗaya da awon zobe ke faɗa ba tare da ƙarya ba, shi ne yawan tabar da ke cikin kara. Karan sigari bai kai giram ɗaya ba, alhali babbar tabar naɗi tana iya kaiwa giram 20, wato daidai da kwalin sigari guda. Rashin haɗiye hayaƙi bai kare baki da harshe da maƙogwaro daga sankara ba, haka nan tabar da ake dunƙulawa da kanwa tana cikin abubuwan da hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar suna haddasa cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara. Wannan ne ya haifar da yarjejeniyar yaƙi da taba ta 2003, wadda ta fara aiki a 2005. Nijar ta kafa dokarta a 2006, Nijeriya kuma ta yi tata sabuwa a 2015.

Kammalawa

Kaurin tabar naɗi yana sauya rabon riga da ciki, yana sauya zafin hayaƙi da yawansa, yana kuma ba mai haɗa ganye sarari. Iyakarsa ke nan. Bai taɓa zama shaidar inganci ba, kamar yadda girman ƙwarya bai nuna kyawun furar da ke cikinta. Lambar da aka ƙirƙiro don daidaita kaya a akwati ita ce ƴan talla suka mayar alamar girma, kamar yadda tabar da aka yasar a Lisbon ta zama zinariya a Wida.

Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu na jihar Maraɗi akwai aiki iri biyu a nan. Na farko shi ne adana tarihi. Dattawan da suka yi fataucin taba da kanwa a kan jaki suna ƙarewa, kuma tare da su sunayen ganyaye da hanyoyin ayari da kalmomin ciniki ke tafiya. Batta da lofe sun cancanci wuri a ɗakin ajiyar kayan tarihi, da bayanin wanda ya yi su da inda aka yi amfani da su. Na biyu shi ne tarbiyyar hankali. Ɗalibin da aka koya wa bambancin kewayen da'ira da filinta, aka kuma ba shi labarin Bahiya, ba zai yi saurin yarda da duk lambar da aka buga a kan kwali ba. Zai tambayi wanda ya kafa ma'aunin, da abin da yake aunawa, da abin da ya bari bai auna ba.